Neman kalma: da wane suna za mu kira Rhizocephala?

1/ Jama'a, ku zo mu haɗa kai. Akwai wasu halittun teku da Fritz Müller ya raɗa wa suna Rhizocephala a 1862, daga kalmomin Girkanci biyu, saiwa da kai. Dangin banakul ne, masu ɓawon nan da ke manne wa duwatsu da gindin jirgin ruwa. Sai dai su idan sun girma ba ɓawo, ba ƙafa, ba baki, ba hanji. Tsutsarsu ce kaɗai ta tona asirin dangantakar.

2/ Ku dubi Sacculina carcini, wadda John Vaughan Thompson ya bayyana a 1836. Macen tsutsa takan sauka a jikin ƙaguwa, ta huda gindin gashi da wani tsinke, ta ɗura 'yan ƙwayoyin halittarta ciki. Daga nan saiwoyi su bazu ko'ina suna tsotsar abinci, sannan wata jaka ta ɓullo a ƙarƙashin ciki, daidai inda ƙaguwa ke rungumar ƙwanta. Haihuwar ƙaguwar ta tsaya. Ko namiji ne, cikinsa sai ya faɗaɗa irin na mace, ya dinga renon jakar kamar shi ya haife ta.

3/ An kawo "kaskar ƙaguwa". Ban gamsu ba: kaska a waje take zama, ta ƙoshi ta faɗi. "Mai kan saiwa" kuwa bin Girkanci ne kawai, kunne ba ya ɗauka.

Ni na tsaya kan kaucin ƙaguwa. Kauci yakan kafa saiwa cikin reshe ya yi fure a waje, haka wannan ma.

4/ Inda nake roƙon mu yi hattara shi ne rabe-rabensu. Da an kasa su gida biyu: Kentrogonida masu yin tsinke, da Akentrogonida da ke huda da ƙahon tsutsa kai tsaye. A 2020 Jens Høeg da abokan aikinsa suka bi ƙwayoyin gado, suka ga na biyun reshe ne cikin na farko. Aka rushe rabon, aka bar iyalai 13. Don haka "masu tsinke" da "marasa tsinke" su zama siffa kawai, kada mu shigar da su ƙamus a matsayin rukuni. Sunayen iyalai kamar Sacculinidae da Peltogastridae a bar su yadda suke.

5/ Malamanmu na nazarin halittu, ga inda ya rage: wasunsu jatan lande suke kamawa. Shin "kaucin teku" zai fi rufe rukunin duka, mu bar "kaucin ƙaguwa" ga Sacculina?