Kwanan barga a lokacin haihuwar goɗiyoyi: ku ba ni labarin abin da kuka gani

Sabon Ɗan Barga:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata huɗu ke nan da na kama aiki a wata gona da ake kiwon dawaki don su hayayyafa. Goɗiyoyi tara ne da ciki, kuma maigida ya ce daga mako mai zuwa zan fara kwanan barga tare da wani babba da ya daɗe a aikin. Shara da wankin doki da ba da abinci duk na iya, amma ban taɓa ganin goɗiya tana haihuwa ba. Akwai wata akawal da ta cika kwana 331 yau, hantsarta ta fara cika. Don Allah waɗanda suka taɓa wannan kwana su faɗa mini abin da idonsu ya gani. Tsorona kada wani abu ya ɓaci a hannuna.

Baban Dawaki:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wannan tsoron da kake ji alama ce mai kyau, riƙe shi.

Kada lissafin kwanaki ya ɗaure ka. Cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne, wajen kwana 340, amma na ga wadda ta sauka a 325 da ɗanta lafiya lau, na kuma ga wadda ta ja mu har ta haura 360. Jikinta za ka duba. Hantsa tana fara cika makonni kafin ranar. Naman da ke gefen gindin wutsiya yana saki, in ka danna sai ka ji shi luɓus. Sannan wani abu kamar kakin zuma yana fitowa a kan nonon ya daskare. In ka ga wannan kakin, yawanci kwana ɗaya ne ko biyu. Na ce yawanci, don akwai masu haihuwa ba su nuna shi ba, musamman masu cikin fari.

Abin da ya fi ba ni mamaki a shekarun da na yi shi ne yadda goɗiya take zaɓar lokacinta. Mafi yawansu da dare suke haihuwa, kuma in tana jin ido a kanta tana iya dannewa. Akwai wata bidi da na yi wa dare goma sha ɗaya ina zaune a bakin ɗakinta. A dare na goma sha biyu na tashi na zaga, ban yi minti ashirin ba, na dawo na tarar da ɗan har ya fito zuwa ƙugu. Tun daga ranar na daina zama inda za su gan ni. Ka nemi lungu mai duhu inda kai kana ganinta ita ba ta ganinka, ka rage haske, ka kashe ƙarar waya.

Mai Gadin Dare:
Baba ya yi maganar alamu, ni bari in gaya maka yadda yini da dare suke tafiya, ƙanena, don shi ne ba wanda ya faɗa mini.

Aikin yana farawa ne tun la'asar. Mukan bi su ɗaya bayan ɗaya, a duba hantsa, a taɓa gindin wutsiya, a rubuta a littafi. Ka riƙe littafin nan da kyau. Wanda zai karɓe ka da safe ba ya cikin kanka, kuma likita in ya zo tambayarsa ta farko ita ce ƙarfe nawa. A wurinmu muna tatsar ɗan digon nono a gwada da wata 'yar takarda mai canza launi, wadda take nuna in haihuwa ta matso. Tana taimakawa, amma ba ta hana mu kwana.

Wadda ta kusa a kai ta babban ɗaki, wanda aka wanke aka bar shi ya bushe. Shimfiɗar ta zama ta tattaka mai kauri. Kada a zuba garin katako, don yana manne wa ɗan da ya fito jiƙe, ya shiga hancinsa da cibiyarsa. A naɗe mata wutsiya, amma kada a matse, kada kuma a bar naɗin ya daɗe a jikinta. A bakin ƙofa kullum akwai bokiti mai tsabta, da tawul, da almakashi, da doguwar safar hannu, da maganin cibiya, da tocila mai cikakken caji. Lambar likita a rubuce take a bango da manyan baƙaƙe, don in hankali ya tashi ko sunanka sai ka nema.

Sauran kuwa jira ne. Dare tara cikin goma ba abin da ke faruwa, sai ƙarar tauna da hucin dawaki. A nan barci yake kama mutum, wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu, kuma a daidai nan suka fi haihuwa a wurinmu. Ni tsayuwa nake yi, in zaga kowane minti goma sha biyar. Gari na wayewa kuma aikin rana bai san ka kwana ido biyu ba: a kwashe kashi, a sauya shimfiɗa, a fitar da masu 'ya'ya su sha hantsi, a wanke bokitai. In an ba ka awa huɗu na barci da rana, ka yi shi, kada ka ɓata shi da hira.

In naƙuda ta fara za ka ga tana zagaye ɗaki, tana tonon ƙasa, tana waiwayen cikinta, gumi yana tsattsafo mata a wuya. Ta kwanta, ta tashi. Wannan kan ɗauki awa ɗaya ko fiye. Kada ka shiga. Da faya ta fashe, dubi agogo.

Uwar Dukusai:
Yaro, karanta nawa sau biyu.

Shekarata ta uku da fara kiwo, ina da wata goɗiya hurde, haihuwarta ta huɗu, ba ta taɓa ba mu wahala ba. Ta kwanta ta fara yunƙuri, amma ban ga ruwa ya zubo ba. Da na haska, maimakon farar jakar nan mai sheƙi da aka saba gani, sai na ga wani abu ja wur, mai kauri, kamar karan-miski. Ban san mene ne ba. Na tsaya ina kiran likita a waya, ya ɗauka da muryar barci, ina gama kwatanta masa sai ya daka mini tsawa, ya ce in ajiye waya in yanka jakar yanzu. Mabiyiya ce ta rabu da mahaifa tun ɗan bai fito ba, wato ɗan yana ciki ba ya samun iska ta ko'ina. Na yanka da almakashi hannuna yana rawa, muka kama ƙafafun muka taimaka mata, ya fito. Na share masa hanci, na yi ta murza shi da tawul. Ya yi numfashi, amma mintocin da na ɓata a tsaye sun riga sun yi masa illa, bai kai kwana uku ba.

Har yau in na tuna sai in ji abu ya tokare mini ƙirji. Ba wanda ya taɓa nuna mini wannan kafin ranar. Shi ya sa duk yaron da ya zo aiki wurina, kafin in koya masa ɗaura ragama sai na nuna masa hoton jar jakar nan.

Sabon Ɗan Barga:
Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. To in farar jakar ce ta fito, me zan sa ido in gani? Kuma yaushe ne zan san abin ya fi ƙarfinmu?

Uwar Dukusai:
Cikin farar jakar za ka ga kofato ɗaya, sai na biyu ɗan baya kaɗan da shi, tafinsu yana kallon ƙasa, sai hanci kwance a kan ƙafafun. In ka ga haka, koma lungunka. In tafin kofato yana kallon sama, ko ƙafa ɗaya ce kawai, ko ƙafafu ba hanci, ko minti goma sun wuce tana yunƙuri ba abin da ya leƙo, kira likita, ku tashe ta ku riƙa tafiya da ita kafin ya iso. Haihuwar goɗiya ba kamar ta saniya ba ce da za a yi ta jira. Daga fashewar faya zuwa fitowar ɗa, minti ashirin ne zuwa talatin.

Likitan Dabbobi:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma na gode da ta iya ba da wannan labari. Ni zan ɗora daga inda ɗan ya faɗo, don a nan ne mutane suke sakin jiki, alhali yawancin kiran da nake samu daga nan suke farawa.

Riƙe ɗaya, biyu, uku. Cikin awa ɗaya ɗan ya tsaya da ƙafafunsa. Cikin awa biyu ya kama nono. Cikin awa uku mabiyiya ta faɗo. Duk wanda ya saɓa, a kira mu.

Na nonon ya fi damuna. Ɗan doki yana zuwa duniya kusan ba garkuwar jiki, don mabiyiyar goɗiya ba ta barin sinadaran garkuwa su ratsa zuwa gare shi. Duka a dakashi yake samu, wato nonon farko mai kauri, kuma hanjinsa yana iya tsotse su ne sosai a awannin farko. Bayan awa goma sha biyu ƙofar ta kusa rufewa, zuwa awa 24 ta rufe. Shi ya sa muke ɗibar jininsa washegari mu auna yawan sinadaran garkuwar da ya samu. In adadin ya haura 800 hankali ya kwanta, in bai kai 400 ba sai an ƙara masa ruwan jini ta jijiya. Kada ka yarda da ganin kansa a ƙarƙashin uwa. Durƙusa ka ga bakinsa a kan nono, ka ga maƙogwaronsa yana haɗiya. Goɗiyar da nono ya yi ta zuba mata kwanaki kafin haihuwa kuma, ku sanar da mu tun da wuri, don wataƙila dakashin ya tsiyaye a ƙasa.

Cibiya kada a yanke. A bar su kwance, za ta tsinke da kanta in uwa ta miƙe ko ɗan ya motsa, sannan a tsoma guntun a maganin da aka surka. Kashinsa na farko baƙi ne mai tauri. In ka ga yana ta yunƙuri yana kaɗa wutsiya ba abin da ke fita, wannan ma kira ne.

Mai Danda:
Likita, maganar mabiyiya ce ta taɓa ni. Muna da wata babbar goɗiya da mabiyiya ta maƙale mata. Wani da muke aiki tare ya ga tana jan ta a ƙasa, ya kama ya fizge, da niyyar taimako. Ta fito, muka yi murna, aka binne. Ba wanda ya shimfiɗa ta ya duba. Ashe wani ɗan guntu ya tsinke a ciki. Kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta, sai ciwon ya sauka a kofatanta, ta kasa tsayuwa. Mun yi iya yinmu, ba ta tashi ba.

Yanzu in tana reto ƙulle ta muke yi sama da gwiwar baya don kada ta taka, mu bar nauyinta ya jawo ta. In ta faɗo a shimfiɗa ta a ƙasa, a ga rassa biyun da take da su sun cika har ƙarshensu, a ajiye a bokiti likita ya gani.

'Yar da ta bari ni na raine ta. Makon farko kusan kowace awa sai na ba ta madara, dare da rana, don ɗan doki kaɗan-kaɗan yake sha amma sau da yawa. Daga baya muka samu wata goɗiya da ɗanta ya mutu, muka yi ta lallaɓa har ta karɓe ta. Ranar da na ji ta yi mata wannan ƙaramar haniniyar da uwa take yi wa ɗanta, zama na yi a ƙasa na kasa magana.

Baban Dawaki:
Abu ɗaya na manta, ɗana. A cikin taran nan in akwai mai cikin fari, ka sa mata ido na musamman bayan ta haihu. Hantsarta tana mata zafi, kuma ba ta san mene ne wannan abin da yake laluben cikinta ba, sai ta yi ƙara ta ɗaga ƙafa. Ba mugunta ba ce. Mutum ɗaya ya riƙe ta da ragama yana shafa ta, a ɗan tatse nonon ya rage tauri, wani ya tallafi ɗan. Da ya sha sau biyu ko uku yawancinsu suna saki. Kuma kada ka shiga tsakanin uwa da ɗa, ko da goɗiyar da ta saba cin abinci a hannunka ce.

Sabon Ɗan Barga:
Iyayena, akawal ta sauka daren jiya, kwana 343. Kakin ya fito shekaranjiya da yamma. Na zauna bayan tarin tattaka kamar yadda Baba ya ce. Faya ta fashe ƙarfe 2:41, na rubuta. Da na haska na ga fari, sai da na sauke numfashi, Hajiya, don ke na tuna. Ƙafa, ƙafa, hanci. Ƙarfe 2:58 ya fito gaba ɗaya, namiji, baƙi kamar uwarsa da ɗan fari a goshi. Babban da muke tare bai bar ni na taɓa komai ba sai janye jakar daga hancinsa.

Ya faɗi sau biyar kafin ya tsaya, a minti na hamsin. Nono ne ya ba mu tsoro, ya yi ta tsotsar gwiwar uwar da bango, sai da awa biyu ta kusa cika na durƙusa na ga yana haɗiya. Mabiyiya ta faɗo ƙarfe huɗu da kwata, mun shimfiɗa ta, rassan biyu cikakku ne, tana cikin bokiti. Likita zai zo bayan azahar ya ɗebi jini.

Saura takwas. Da na leƙa su da safen nan kafin in kwanta, jar goɗiyar da ke ɗaki na uku nono ya fara ɗiga a ƙafafunta na baya, kuma cikin fari ne.