Mahaifin abokinmu Bayahude ya rasu: yaya ƙungiyarmu ta kwaikwayon tarihi za ta yi masa ta'aziyya?

Bakatsine a Ohayo:

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san al'adun Yahudawa. Ina cikin wata ƙungiyar masu kwaikwayon tarihi a nan Amurka, irin su SCA ɗin nan da ake sa tufafin Turai na kafin shekarar 1600, a kafa tantuna, a yi wasan takobi da girke-girke da raye-rayen mutanen da. Ma'ajinmu Bayahude ne mai riƙo da addininsa: ba ya taɓa kuɗi ko wuta ranar Asabar, kuma ko zango muka fita da tukwanensa yake zuwa. Jiya Talata da dare mahaifinsa ya rasu, gobe Alhamis za a binne shi. 'Yan ƙungiya sun kawo shawara uku: a haɗa kuɗi a sayi furanni, mu je gidan cikin kayan tarihinmu don girmamawa, sannan a babban taronmu nan da mako uku a ambaci mahaifin a wurin walima. Maiɗakina kuma ta ce za ta dafa shinkafa da naman halal a kai. Shi ne kuma ke koya mana rawa duk Laraba. Me ya dace, me bai dace ba?

Malam Inuwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba abokin naku haƙuri. Maganar furanni ku ajiye ta tun yanzu. Yahudawa masu riƙo da al'ada ba sa kai furanni makabarta ko gidan makoki, tsakuwa suke ɗorawa a kan kabari idan sun kai ziyara. Ku duba sanarwar rasuwar, galibi iyali kan rubuta inda suke so a ba da sadaka da sunan mamacin. Ana bayarwa ne a ninkin 18, wato dala 18, 36, 54 ko 180, domin kowane harafin Ibrananci yana da lambarsa kamar hisabin abajada, kuma haruffa biyu na kalmar rai sun tashi 18.

Yau kada ku dame shi da kira. A wurinsu tsakanin rasuwa da binnewa ba lokacin ta'aziyya ba ne, hankalin ɗa yana kan suturar mahaifinsa. Saƙo ɗaya gajere ya isa, sai dai a tambaya ko akwai dangin da za a ɗauko daga filin jirgi.

Jana'iza kowa na iya zuwa, kuma abubuwa da yawa ba za su zame maka baƙi ba: an yi wa mamaci wanka, an sa masa farin likkafani, ba a buɗe fuska don kallo, akwatin kuma na katako ne marar ado. Za ka ga rigar abokinka a kece a ƙirji ta hagu. Iyaye ake keta wa hagu, gefen zuciya, sauran dangi dama. Wajen rufe kabari jama'a ke bin layi, kowa ya zuba ƙasa, yawanci shebur uku. Ba a miƙa shebur hannu da hannu: ka gama, ka soka shi cikin tarin ƙasa, na bayanka ya zare. Ku dai ku tsaya baya har mai jagoranci ya yi muku izini, domin wasu jama'o'in nasu kaɗai suke bari su yi wannan. Idan an dawo gida za ka tarar da buta a bakin ƙofa, a nan ake wanke hannu kafin a shiga.

Daga nan sai zaman makokin, suna kiransa shiba, ma'ana bakwai. Ranar binnewa ita ce ta farko. Tunda Alhamis ce, Juma'a biyu, Asabar uku, a tafi har Laraba da safe su tashi, don ba a cika yinin na bakwai. Masu zaman su ne 'ya'ya, miji ko mata, 'yan uwa ciki ɗaya, da iyaye idan suna raye. Suna zama a ƙananan kujeru kusa da ƙasa, an lulluɓe madubai, akwai kyandir mai cin kwana bakwai, ba takalmin fata, ba aski, ba fita aiki.

Inda Bahaushe ya fi yin tuntuɓe shi ne gaisuwa. Mu mun saba da sallama, ina wuni, ina gajiya, ya haƙuri, a miƙa hannu. A can ƙofa a buɗe take a lokutan da aka sanar, ba a danna ƙararrawa, ba a gai da mai makoki, shi ma ba ya tashi ya tarbe ka. Ka shiga, ka nemi wuri kusa da shi, ka yi shiru har shi ya fara magana. Suna kafa hujja da abokan Annabi Ayuba, waɗanda a littafinsu suka zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Idan ya buɗe baki, ka bi inda ya nufa. Tambayar da ta fi kyau ita ce wane irin mutum ne mahaifin naka. Kada a kawo labarin wasan takobin makon jiya sai in shi ya tambaya. Minti ashirin zuwa talatin ya wadatar.

Kada ku je gaba ɗayanku a rana ɗaya. Ku kasu biyu-biyu ko uku-uku. Alhamis da Lahadi gidan zai cika, Litinin da Talata ne ƙafa ke ɗaukewa, a nan ne zuwanku zai fi yi masa amfani. Daga azahar ɗin Juma'a har Asabar da dare ku bar su, ba ziyara, ba waya: ranar tana cikin lissafin bakwai ɗin, amma ba a nuna makoki a fili a cikinta.

Maman Hanifa:

Ɗan uwa, ka gaya wa maiɗakinka an gode da niyya, amma kada ta ɗora tukunyar nan. Halal daban, koshar, wato abincin da addininsu ya halatta musu, daban. Naman koshar sai mayankinsu da ya koyi aikin ya yanka, a duba huhu, a jiƙa naman a barbaɗe shi da gishiri har jini ya tsane. Ba sa haɗa nama da madara ko man shanu, har tukwane da wuƙaƙe da soson wanke-wanke a rabe suke. Saboda haka ko farar shinkafa ce zalla, in dai a tukunyarku aka dafa, mutumin da ke yawo da tukwanensa zuwa zango ba zai ci ba. Zai karɓa don kunya, abincin ya ƙare a hannun maƙwabci.

Abincin farko bayan dawowa daga makabarta ba nasu suke ci ba, maƙwabta ke kawowa: burodi, dafaffen ƙwai, da ƙaramin waken nan da Larabawa ke kira adas. Wannan mutanen majami'arsu za su ji da shi. Ku abin da za ku yi shi ne ku nemi wanda ke riƙe da jadawalin abinci, kusan kullum akwai mutum ɗaya daga majami'a ko dangi, ku ce ku ba mu Litinin da dare. A tambayi mutum nawa za su ci, da ko nama ake so ko na madara, da shagon da iyalin suka yarda da shi, don ba kowane tambarin shaidar koshar kowa ke karɓa ba. A saya a can, a kai da hatiminsa. Wanda ya ɓalle hatimin a mota don ya duba ko an cika, ya ɓata abincin gaba ɗaya.

Idan ɗan abin hannu ne, 'ya'yan itace da ba a yanka ba su ne ba su da gardama: lemu, ayaba, tuffa. Abin leda ko kwali a duba tambari, wanda ya fi yawa a Amurka shi ne harafin U a cikin da'ira. In da D a gefensa akwai madara a ciki. In an rubuta pareve, ba nama ba madara, ana ci da komai, shi ya fi sauƙi. Ruwan inabi a bar shi, dokarsa ta fi ta sauran abin sha tsanani.

Wani kuskuren na masu kirki ne: mace ta shiga kicin ta kama wanke-wanke don taimako, ta wanke kwanon nama da soson madara. Kada kowa ya taɓa murhu ko kwanuka sai matar gidan ta nuna masa. Aikin da ba shi da haɗari shi ne fitar da shara, sharar ƙofar gida, kai yara makaranta, cefane daga takardar da suka rubuta.

Ku da kuke da ɗakin ajiyar kayan zango ma kun fi kowa abin bayarwa. Gidan makoki kujeru yake buƙata, ashirin ko talatin masu naɗewa, da wurin rataye riguna, da kulolin ƙanƙara, da kofuna da farantan takarda da yawa. Ku kai gobe da safe kafin a dawo daga makabarta, ku kwashe Laraba da rana. Ƙananan kujerun masu makoki, waɗanda ba su wuce kamar santimita 30 ba, galibi majami'a ko gidan jana'iza ke bayar da aronsu, sai a tambaya kafin a ɗauko.

Mai Sulke:

Malam da Hajiya sun gama da gida, bari in taɓa ɓangaren ƙungiya.

Kayan tarihi kada su je ko'ina, makabarta ko gida. Tufafi na yau da kullum, masu duhu, masu rufe jiki. Dalili na farko, mahaifinsa na gaske ne ya rasu, dangin da ke zaune ba su san wasanku ba. Dalili na biyu ya fi nauyi. A kowace irin wannan ƙungiya ba a rasa masu riga da garkuwa mai gicciye irin ta mayaƙan yaƙin gicciye, kuma zamanin nan da muke kwaikwayo da nishaɗi Yahudawan Turai da jini suke tuna shi. A 1096 mayaƙan da suka nufi gabas sun karkashe Yahudawan Speyer da Worms da Mainz a bakin kogin Rhine. A 1190 Yahudawan York kusan 150 suka mutu a cikin hasumiyar tsaron garin bayan an yi musu ƙawanya. A 1290 Sarki Edward na ɗaya ya kore su daga Ingila, a 1492 aka kore su daga Sifen. Ita kanta al'adar maraya ya tashi ya karanta Kadish, addu'ar da masu makoki ke yi, a yankin Jamus ta kafu, a ƙarni na 12 da na 13. Abokinku ya san duk wannan, ya kuma zaɓi zama da ku, amma kakarsa ko gwaggonsa ba su zaɓa ba. Haka nan sunan wasa da muƙamin wasa a bar su a waje, a kira shi da sunansa na yanka, a katin ta'aziyya ma kowa ya sa sunansa na gaskiya.

Aikin ma'aji: yau ɗin nan shugaba ya ɗora wa mataimaki ko mai sa hannu na biyu. Kwana bakwai kada a tambaye shi rasit, makulli ko lambar asusu. In akwai kuɗin hayar fili da ya zama dole a biya, wani ya ranta, a daidaita daga baya.

Rawa kuwa ku nemi wani malami na shekara guda, ba na mako ɗaya ba. Bayan bakwai akwai talatin, shaloshim, ana ƙirgawa daga ranar binnewa: ya koma aiki, amma ba aski, ba biki, ba kiɗa. Ga sauran dangi a nan makoki ke ƙarewa. Ga uba ko uwa, nisantar biki da kiɗa da sa sabuwar riga yana kaiwa wata goma sha biyu. Taronku na mako uku ya faɗo cikin talatin ɗin, don haka ku sa a ranku ba zai zo ba, a mayar masa da kuɗin shiga ba tare da ya nema ba. In an shirya ba shi lambar girma ko an ɗinka masa sabuwar alkyabba, a ɗaga.

Ambaton mahaifin a wurin walima, da ɗaga kofi, da ƙona ɗan jirgin ruwa irin na mayaƙan Viking na arewacin Turai mai ɗauke da sunayen mamata da wasu ƙungiyoyi ke yi, duk kada a yi da sunan mahaifinsa sai an tambaye shi, kuma bayan ya tashi daga bakwai. Yahudawa da karatu da sadaka suke tuna mamaci. Darasi ɗaya a taron da aka sadaukar ga marigayin, ko kwandon tara abinci don mabuƙata, ya fi kusa da abin da iyalin za su gane.

Abin da ya fi lalata zumunci yana zuwa ne a wata na uku. Mutum ya ƙi gayyata sau huɗu saboda akwai kiɗa, sai a daina gayyatarsa. Maganinsa a riƙa kiransa zaman da ba kiɗa: daren gyaran sulke, ɗinki, rubutun hannu, harbin baka, a kashe rediyo idan ya zo. Kuma wata goma sha ɗaya zai yi yana karanta Kadish safe da yamma da dare, abin da ba ya yiwuwa sai cikin jam'in mutum goma. Wannan ne zai hana shi kwana a zango. In za ku Pennsic, taron mako biyu da ake yi kusa da Slippery Rock a jihar Pennsylvania a ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, Pittsburgh tafiyar kamar awa ɗaya ce kuma akwai majami'u, sai wani ya ɗauki alkawarin kai shi a ranakun aiki.

Ku tambaye shi ranar rasuwar a kalandarsu ku rubuta. Duk shekara zai kunna kyandir na awa 24 ya je majami'a. Watanninsu na wata ne, amma suna ƙara wata guda sau bakwai cikin shekara 19, saboda haka ranar tana ɗan matsawa gaba ko baya a kalandar Bature, sai an duba kowace shekara kafin a tsayar da ranar walima.

Bakatsine a Ohayo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An soke furanni da kayan wasa, kujeru za su tafi da safe. Saura ɗaya, Malam Inuwa: sanarwar ta ce akwai addu'a a gidan ƙarfe bakwai na yamma. In ta same mu a ciki, yaya za mu yi? Kuma me zan ce idan zan fita?

Malam Inuwa:

Addu'ar tana buƙatar Yahudawa baligai goma, suna kiran adadin minyan. Masu tsananin riƙo maza kaɗai suke ƙirgawa, daga shekara 13, wasu ɗariƙun kuma har da mata. Kai ba ka cikin lissafi, kuma ba wanda zai sa ran ka furta komai. Ka koma baya, ka miƙe idan sun miƙe, ko ka fita tsakar gida kafin a fara, duka ba laifi. Ba ta wuce kamar rabin awa. Maza suna rufe kai, hularka ta gida ta wadatar. In akwai Yahudawa a ƙungiyarku, ko da ba masu yawan zuwa majami'a ba ne, a gaya musu su zo addu'ar safe, ita ce aka fi rasa na goma.

Wajen fita su suna da jimlarsu ta Ibrananci, ma'anarta Allah ya sanyaya muku zuciya tare da sauran masu makokin Sihiyona da Urushalima. Ba sai ka haddace ba. Ka tsaya gabansa ka ce Allah ya ba ku haƙuri, ka juya, ba sai an yi ban kwana ba, shi ma ba zai raka ka ba. Matan gidan kada ka miƙa musu hannu.

Sai gashi. Wanda ya rasa uba ko uwa, ko talatin ta cika, al'adarsu ba ya aski har sai abokai sun ce masa sumar nan ta yi yawa. Kafin ranar talatin kada kowa ya tanka masa a kai, bayan ta wuce kuma wani daga cikinku ya faɗa masa.