Noti na tsakiyar shokazoba ya ƙi kwancewa, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyayen gidanmu makanikai. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005. Tun damina gaban motar ke ƙara in na faɗa rami, da na leƙa sai na ga shokazoba ta hagu tana yoyon mai. Na je kasuwar Kofar Ruwa na sayo guda biyu, na ce bari in sauya da kaina ranar Asabar, tunda ina ɗan taɓa aikin hannu.

Na ɗaga mota da jak, na sa mata waigi, na cire taya, na kwance kusoshi biyu na ƙasa da notuna uku na sama. Duk abin ya fito lafiya, har na fara yabon kaina. Na matse sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke zagaye da shokazobar, da abin matsewa da na aro. To a nan gizo ke saƙar: noti na tsakiya da ke riƙe da kan shokazobar, da na murɗa sai sandar da ke cikin shokazobar ta riƙa juyawa tare da shi. Na zuba bakin mai ya kwana, ko gezau.

Maƙwabcina ya ce in damƙe sandar da filaya, tunda tsohuwar ai ta tashi aiki. Amma sabuwar fa, in na zo ɗaurewa? Na san in sandar ta karce, za ta cinye robar da ke tare mai. Kuma sifirin ɗin nan a matse yana ba ni tsoro, ga yara na kai-komo a tsakar gida.

Don Allah ta yaya kuke riƙe sandar ba tare da kun ɓata ta ba? Motar kwana biyu ke nan tana kan jak.