Wane suna za mu ba wa "girif" na babur? Ni dai na ce madamƙi

1/ Assalamu alaikum jama'a, musamman kanikawan babur, da masu sayar da kayan gyara, da malamanmu na Hausa. Akwai wani abu a jikin babur da hannun matuƙi ba ya rabuwa da shi tun daga tashi har sauka, amma har yau ba mu tsayar masa da suna ɗaya ba. Ina nufin abin nan da ake zurawa a bakin kan babur dama da hagu, wanda tafin hannu ke kamawa. Bature na ce masa girif. Shawarata ita ce mu kira shi madamƙi, jam'insa madamƙai. Zan kawo dalilaina, sannan in bi da kalmar ta cikin aikin cire tsoho da sa sabo, domin a bakin aiki ake gane ko suna ya zauna.

2/ Na san abin da za a fara ce mini: ai robar hannu muke cewa. Haka ne, kuma ban raina ta ba. Amma ku saurari yadda cinikin ke tafiya a shago:

"Oga, ba ni robar hannu."
"Ta kai ko ta birki?"
"Ta kai."
"Da totur ɗinta ko ita kaɗai?"

Sai an yi tambaya biyu kafin a gane abin da ake nema. Babur cike yake da roba: ga ta mataki, ga ta giya, ga wadda ake sa wa hannun birki da na kuloci, ga kuma wani nau'in babur sukutum da muke kira roba-roba. Ƙari a kan haka, ba duk wannan abin ne na roba ba. Akwai na soso, akwai na alminiyam mai zanen roba a tsakiya irin wanda samari ke so, akwai wanda aka naɗe da fata. Idan mutum ya ce "robar hannu ta ƙarfe", ai maganar ta ci karo da kanta.

3/ To me ya hana mu ari girif ɗin kawai, kamar yadda muka ari totur da birki da kuloci? Ba ni da rigima da aro. Waɗancan kalmomi sun zama namu, ba wanda zai tumɓuke su. Sai dai girif bai kama bakin mutane ba, kuma ina da dalilai biyu na ƙin tura shi. Na farko, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ta Faransanci sunayen kayan babur da yawa ke zo musu, kuma a can poignée ake cewa. In muka ari namu suka ari nasu, abu ɗaya ya zama da suna biyu a bakin Hausawa. Na biyu, kuma shi ya fi damuna: girif da giris harafi ɗaya ne ya raba su. A gareji mai ƙarar inji, a aiki yaro girif, ya ji giris. Giris kuwa shi ne abu na farko da ba a so ya kusanci wannan wurin.

4/ Babbar abokiyar takara ita ce mariƙi. Kalma ce tsohuwa, kowa ya san ta: mariƙin ƙofa, mariƙin bokiti, mariƙin jaka. Na daɗe ina juya ta a raina. Abin da ya sa na ajiye ta shi ne ta yi faɗi. In ka ce mariƙin babur, mai sauraro zai ɗauka kan ne gaba ɗaya, har da ƙarfen, ko ma ƙarfen baya da fasinja ke kamawa. Kuma riƙewa daban, damƙa daban. Ana riƙe jaka da yatsu biyu, ana riƙe yaro a gefe. Damƙa kuwa sai tafin hannu ya rufe abu, yatsu huɗu sun zagayo ta ƙasa, babban yatsa ya tarye su. Duk wanda ya hau babur ya dubi hannunsa, abin da yake yi ke nan.

5/ Sauran ba su ɗauke ni lokaci ba. Ƙota ta fartanya ce da gatari, ita ce ke ɗauke da nauyin aikin, namu kuwa lulluɓi ne a kan ƙarfe. Safa ta riga ta tafi ga safar hannu. Riga, kamar rigar kujera ko rigar waya, tana sa a ɗauke shi abin ado da ake tuɓewa a wanke. Kube ya yi kama da shi a siffa, amma kube an yi shi ne don abin da ke cikinsa ya fita cikin sauƙi, wannan kuwa ranar da ya saki ƙarfen ranar hatsari ce.

6/ Ginin kalmar ba baƙo ba ne. Haka Hausa ke haifar da sunan kayan aiki: buɗe ya ba mu mabuɗi, kulle makulli, duba madubi, girbe magirbi, tsefe matsefi. Damƙa ta ba mu madamƙi. Jam'in ma hanyarsu ɗaya: mabuɗai, madubai, madamƙai. Karin sautinsa duk sama ne, irin na mabuɗi, ba irin na manomi ba. Wani zai ce a rubuce ana iya ɗaukarsa mutum mai damƙe mutane. Haka mariƙi yake, na ƙofa da na maraya rubutunsu ɗaya, kuma ba mu taɓa ruɗewa ba. Waɗanda suka yi Larabci kuma za su lura cewa miƙbad ɗinsu daga ƙabada ya fito, wato damƙa, a kan awon sunan kayan aiki. Hanyar da suka bi ke nan.

7/ Yanzu mu shiga aiki. Abubuwa uku ne a wurin, kuma amfanin suna shi ne ya raba su. Akwai kan babur, wato ƙarfen. Akwai bututun totur, farar ko baƙar roba mai tauri da ke juyawa a kan ƙarfen ta dama, wadda wayar totur ke maƙale da ita. Sai madamƙi a sama. Na hagu a kan ƙarfen yake zaune kai tsaye, na dama kuwa a kan bututun. Shi ya sa in ka buɗe kwali ka leƙa ramukan, ba ɗaya suke ba. Mafi yawan baburan da ke titunanmu, na Indiya da Sin da Jafan, irin su Boxer da Jincheng da Haojue, kaurin ƙarfensu milimita 22 ne, don haka ramin na hagu 22 ne, na dama kuma wajen 24 zuwa 25. Manyan baburan Harley-Davidson na Amurka inci ɗaya ne, wato milimita 25.4, nasu ba zai zauna a namu ba. Tsawo kuma galibi tsakanin milimita 120 da 130 ne, a auna tsohon kafin a sayo.

Wanda bai san wannan ba sai ya zura mai babban rami a hagu, ya ga yana lilo, sannan ya koma dama yana dukan ƙaramin da guduma har ya fasa bututun.

8/ "Yanke tsohon madamƙi." Kun ji yadda ta faɗi a baki? In ba a bukatarsa, reza ake sa masa a tsaye daga baki zuwa baki a ɓare shi. A hagu ba damuwa, ƙarfe ne a ƙasa. A dama sai an sassauta hannu, domin rezar na iya tsaga bututun totur. In ana so a cire shi lafiya, a cusa siririn sukundireba tsakaninsa da ƙarfen, a ɗiga sifirit, a murza. Ko kuma a je wurin mai faci ya sa bakin tiyon iska a ƙarƙashin leɓen: sai ka ga robar ta kumbura ta zame da kanta.

9/ A nan ne aka fi yin ganganci, don haka bari in tsaya.

Bayan an cire, za ka tarar da busasshen gam da tsatsa da ƙurar shekaru a kan ƙarfen. A kankare, a goge da tsumma da sifirit har ya yi ƙal, a bar shi ya bushe. Sabon madamƙi ba ya shiga a bushe, dole a sa masa abin da zai ba shi santsi. Ƙa'idar guda ce: abin da zai yi santsi yanzu, ya bushe anjima. Sifirit na yin haka. Gam ɗin da aka yi don wannan aikin shi ya fi. A Turai wasu na fesa maganin ƙame gashi na mata, yana santsi da danshinsa, ya kama in ya bushe. Baƙin mai da giris ba sa bushewa har abada. Ruwan sabulu yana bushewa, amma ranar da ruwan sama ya shiga sai santsin ya dawo, ga shi a damina ne aka fi bukatar hannu ya kama. Fetur, wanda kanikawa da yawa ke tsoma shi a ciki, yana tashi da wuri, amma yana cin wasu nau'o'in roba, su yi laushi su fara danƙo. Gam mai kamawa nan take kuwa yakan kama tun madamƙin na rabin hanya, ka rasa gaba ka rasa baya.

Gam ɗin kaɗan ake shafawa, a bakin ramin da kuma kan ƙarfen. A tura da tafin hannu ana murzawa, a daidaita zanen tun kafin ya kama. A dama kada gam ya kai ƙarshen bututun, domin in ya malala tsakanin bututun da ƙarfen, ya haɗe totur da kai.

10/ Don Allah, ko ba ku karɓi sunana ba ku karɓi wannan. Leɓen madamƙin dama kada ya manne da gidan makunnai. A bar 'yar tazara, ko da kaurin kwali ce. In mai rufaffen baki ne, kada a tura shi har gindinsa ya dafe ƙarshen ƙarfen. Sannan, inji a kashe, a murɗa totur a saki. Dole ya koma da kansa nan take, har ka ji ƙas. A karya kai zuwa dama a gwada, a karya hagu a sake gwadawa. In ya koma a hankali, ko ya tsaya, ba a gama aiki ba. Totur da ya maƙale a cikin cunkoson kasuwa ba ya ba mutum lokacin tunani. Kuma a bar babur ɗin ya kwana kafin a hau, gam ya samu ya kama.

Masu tseren daji ba sa tsayawa a gam kaɗai, sukan ɗaure da siririyar wayar ƙarfe a cikin 'yan kwarin da aka yi wa robar, su lanƙwashe bakin wayar ciki don kada ya soki hannu. Akwai kuma irin na kamfanin ODI da ake ɗaurewa da sukuru, ba gam ko kaɗan.

11/ Na so in ce madamƙin totur da madamƙin kuloci, sai na ga na biyun bai game kowa ba. Roba-roba ba ta da hannun kuloci. A tsohuwar Vespa da adaidaita sahu irin ta Bajaj kuwa, na hagun ma murɗa shi ake yi, da shi ake sa giya. Saboda haka madamƙin dama da madamƙin hagu sun fi tsafta. Kuma kun ga kalmar ta tsallaka da kanta: madamƙin adaidaita, madamƙin keke, madamƙin baro. Har waɗanda ake haɗa wa wayar lantarki su ɗumama hannu a ƙasashen sanyi sun samu suna, madamƙi mai ɗumi.

12/ Akwai kalma ta biyu da ke manne da wannan. Madamƙin da ba kamfanin babur ɗin ne ya yi ba, wani kamfani ne dabam ya ƙera don a sauya, me za mu ce masa? Kada mu ce jabu. Jabu shi ne wanda ya saci sunan wani. Renthal na Ingila da Domino na Italiya da sunansu suke sayar da nasu, kuma masu tsere na neman su. Kada kuma mu ce na hannu, wannan wanda aka yi amfani da shi ne. Ni na fi son a ce "na kamfani" da "na kasuwa". Na kamfani shi ne wanda babur ya zo da shi ko irinsa sak, na kasuwa kuma duk wanda ka zaɓo da kanka, mai kyau ne ko maras kyau.

Kuma sauyawar ba gayu ba ce kawai. Ranarmu na ƙona roba, ta taurare, zanen ya shafe, gumi ya sa ta santsi. Ɗan acaɓan da ke wuni a kan inji mai silinda ɗaya, jijjigar a tafinsa take ƙarewa, ga kanta, ga yatsu na sagewa. Madamƙi mai taushi, mai kauri daidai hannunsa, yana rage masa wannan. Na alminiyam ɗin nan mai ƙyalli kuwa, a ganina, ido yake yi wa aiki: yana zafi a rana, kuma ba ya shanye jijjiga kamar roba.

13/ Na yarda madamƙi ya fi robar hannu nauyi a baki, kuma ban sa ran gobe a ji shi a kowane shago ba. Abin da nake roƙo shi ne masu rubuta bayanin gyara da Hausa, da masu koyar da yara a gareji, da masu yin bidiyo a Facebook da TikTok, su fara gwada shi. Jimlar da nake so a iya faɗa ba tare da nuni da yatsa ba ita ce: "Madamƙin dama ya saki bututun totur, a sake masa gam."

14/ Saura abu ɗaya da ban samar wa suna ba. Wasu baburan suna da ɗan dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ake ɗaurewa a ƙarshen kai don rage jijjiga, kuma shi ya sa ake yin madamƙi mai buɗaɗɗen baki, don sukurunsa ya samu hanya. Toshi ya zo mini, amma bai nuna nauyin ba. Kanikawan Kano da Kaduna da Maraɗi, iyayen gidana, me kuke ce masa a gareji?