Magic ko Curry: Abin da Aka Faɗa wa Matasa a Gombe

Musun da aka tafka a wani filin ƙwallon kwando a Gombe, bayan atisayen la'asar, a kan wane ne gwanin masu raba ƙwallo a tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, bai kai ga matsaya ɗaya ba. Matasa sun tsaya kai da fata a kan Stephen Curry: kofi 4 da Golden State, kuma tun 2021 ya zarce Ray Allen, wanda a da ya fi kowa, a yawan ƙwallo mai maki uku. Manya kuwa Magic Johnson suka riƙe, mai kofi 5 da Lakers tsakanin 1980 da 1988.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a daina auna mai raba ƙwallo da makin da ya ci kawai. Wani tsohon ɗan wasa ya kawo John Stockton na Utah Jazz, wanda ya miƙa ƙwallon da aka ci sau 15,806. Bai taɓa ɗaga kofi ba, amma har yau ba a kamo shi ba. Nan take tsohon ɗan wasan ya kira wani yaro, ya sa ya maƙale hannun dama a baya, ya zagaya fili yana buga ƙwallo da hagu, kai a ɗage, ido na neman abokin da ba a tsare ba.

Kocin matasan ya gargaɗi ƙanana kada su kwaikwayi jifan Curry daga nesa kafin hannu ya yi ƙwari, domin yana lalata salon jifa. Nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ya ce su kalli yadda Curry ke zirga-zirga ba ƙwallo a hannunsa har mai tsaronsa ya galabaita.