Ranar 25 ga Yuni, 2009: yadda mutuwar Michael Jackson ta danne ta Farrah Fawcett

Aminu Gwale:
Assalamu alaikum. Kwanan nan na san cewa a ranar da Michael Jackson ya mutu, wato 25 ga Yuni, 2009, wata shahararriyar 'yar wasan Amurka mai suna Farrah Fawcett ita ma ta cika, kuma a jiha ɗaya, Kalifoniya. Na tuna yadda gidajen rediyo suka yi kwanaki suna maganar Michael, amma ban taɓa jin an ambaci wannan mata ba. Wace ce ita, kuma me ya sa labarinta ya ɓace haka?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. An haifi Farrah Fawcett a 1947 a garin Corpus Christi na jihar Texas, kuma sunanta ya fito ne a 1976 ta shirin talabijin na Charlie's Angels, inda ta fito a matsayin Jill Munroe, ɗaya daga cikin mata uku masu binciken sirri. Zango ɗaya kawai ta yi a matsayin jigon shirin ta bar shi, amma hotonta da aka buga a wannan shekara ya sayu da miliyoyi. Ta cika da safe a wani asibiti da ke Santa Monica tana da shekara 62, bayan fama da cutar sankara tun 2006. Da rana kuma, bayan kamar awa biyar, likitoci a Los Angeles suka tabbatar da mutuwar Michael. A ganina dalili na farko shi ne mutuwarta ba ta zo wa kowa da ba-zata ba, domin a watan Mayu tashar NBC ta nuna shirin da aka ɗauka kan jinyarta, jama'a sun ga halin da take ciki. Michael kuwa yana da shekara 50, yana tsakiyar atisayen wasanni 50 da zai fara a Landan a watan Yuli.

Hajiya Rakiya:
Malam Bashir ya faɗi gaskiya, amma ina so in tsaya a kan abin da ya fi ci mini rai, wato yadda aka taƙaita wannan mata a kan kyawunta tun tana raye. Bayan ta bar shirin da ya yi mata suna, ta nemi ayyuka masu nauyi, kuma a 1984 ta fito a fim ɗin talabijin The Burning Bed, labarin gaskiya na Francine Hughes, matar da mijinta ya shafe shekaru yana jibga har ta cinna wa gadonsa wuta yana barci. Ta fito da fuska a kumbure, ba kwalliya, ba ado, kuma fim ɗin ya sa Amurkawa da dama suka fara magana a fili kan dukan mata a gidajen aure, aka kuma saka sunanta cikin masu neman lambar yabo ta talabijin ta Emmy. Irin wannan ƙarfin hali ta nuna da ta bari aka ɗauki hoton jinyarta, har da zubewar gashin da duniya ta san ta da shi. Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne bikin Oscar na 2010, inda aka nuna hotunan 'yan fim da suka mutu a shekarar, aka saka Michael, aka bar ta.

Ibrahim Zinder:
Hajiya, ina girmama ra'ayinki, sai dai bai kamata mu ɗora laifin duka a kan 'yan jarida ba. Michael ya fara waƙa tun yana yaro tare da yayyensa a ƙungiyar Jackson 5, kuma kundinsa Thriller na 1982, wanda Quincy Jones ya tsara, shi ne mafi sayuwa a tarihi, ya kuma lashe lambobin Grammy 8 a dare ɗaya a 1984. Waƙa da rawa ba sa buƙatar tafinta, shi ya sa yaron da bai iya Turanci ba a Damagaram ko Kano ya san takunsa, alhali shaharar Farrah ta dogara ne da talabijin ɗin Amurka. Ga kuma sarƙaƙiyar da ta biyo bayan mutuwarsa: maganin sa barci na ɗakin tiyata mai suna propofol ne ya kashe shi, kuma a 2011 kotu ta sami likitansa Conrad Murray da laifin kisa ba da gangan ba, ta yanke masa shekara 4. Labari irin wannan kullum sabuwar kafa yake fitarwa.

Malam Bashir:
Haka ne, Malam Ibrahim. Ba a kansu aka fara ba ma. Shahararrun 'yan fim Orson Welles da Yul Brynner sun mutu ranar 10 ga Oktoba, 1985, manyan daraktoci Ingmar Bergman na Suwidin da Michelangelo Antonioni na Italiya kuma ranar 30 ga Yuli, 2007. Sai dai a can darajar mutanen ta yi kusa da juna, don haka aka riƙa ambatonsu tare.

Aminu Gwale:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hajiya, zan nemi wancan fim na 1984 in kalla a ƙarshen mako, in sha Allah.