Neman kalma: me za mu kira "internal mobility" a kamfanin inshora?

'Yar Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfanin inshora, an ɗora mini mayar da littafin ƙa'idojin aiki zuwa Hausa saboda rassanmu na Arewa. Babi ɗaya ya gagare ni, wanda ke magana kan abin da Bature ke kira "internal mobility". Abin da ake nufi shi ne, in gurbi ya buɗe a wani sashe, a fara sanar da ma'aikatan kamfanin kafin a tallata a waje. Wanda ke sashen biyan diyya yana iya neman komawa sashen tantance haɗari, mai yawon tallar inshora yana iya neman zama a ofis. Wani lokaci albashi yana ƙaruwa, sau da yawa yana nan yadda yake. Na gwada "ƙarin girma" da "canjin wurin aiki", duk ba su kwanta mini ba. Ku taimaka don Allah.

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam 'yata. Gara da ba su kwanta miki ba. A aikin gwamnati na tsufa, kuma a kunnen mutanenmu canjin wurin aiki tiransifa ce. Ba a yi wa mutum barka da tiransifa sai an ji dalili. Da an ce an yi wa wane canjin wurin aiki, abin da za a fara tambaya shi ne me ya yi, wa ya taka. Ƙarin girma kuwa kowa ya san shi: daga mataki na 8 zuwa na 9, daga 9 zuwa 10, sannan a tsallake 11 a faɗa 12, kamar yadda ake yi a aikin tarayya. Ki sa shi a babin nan, ranar da aka mayar da yaro wani sashe ya ga albashinsa bai motsa ba, zai zo miki da littafin a hannu yana nuna layin da yatsa.

Ni da zan ba da shawara, sai in ce "ƙaurar cikin gida".

Malamin Hausa:
Baba Akawu, Allah ya ƙara lafiya. Bayaninka a kan tiransifa ba wanda zai ja da shi, amma ƙaurar cikin gida ina da ja a kanta. Ƙaura a Hausa sai an kwashe kaya an bar gida ko gari. Ga kuma rediyo ta saba mana da "'yan gudun hijira na cikin gida", mai karatu zai ji ƙamshin wannan a ciki, ya ɗauka masifa ce ta kori mutum daga teburinsa.

Bari in kawar da waɗansu tun kafin a kawo su. Sauya sheƙa 'yan siyasa sun riga sun cinye ta, kuma ma'anarta barin gida ɗungurungum. Ta dace da wanda ya bar kamfaninku ya koma wa abokin hamayya. Zirga-zirga kamar ma'aikacin da ba ya zama a kujerarsa, kullum yana baranda. Karɓa-karɓa tana da amfani, amma ga wani abu daban: tsarin da ake zagaya da sababbin ɗauka sashe-sashe, kowa ya yi 'yan watanni ya ba na bayansa wuri.

Malama, tambaya ɗaya. Wa ke fara motsin nan, kamfani ko ma'aikaci? Hausa tana bambanta su da ƙaramin abu. "An sauya masa sashe" magana ce, "ya sauya sashe" wata magana ce daban.

'Yar Kaduna:
Allah ya gafarta Malam, ma'aikaci ne ke nema. Yana cika takarda, a yi masa ganawa kamar baƙo, sai dai an riga an san aikinsa.

Dillalin Inshora:
Kafin Malam ya yanke hukunci, bari in faɗi abin da ya sa wannan kalma take da nauyi a sana'armu fiye da yadda ake zato, don in ba a gane aikin ba za a raɗa masa sunan da bai dace ba.

Kamfanin inshora hannu biyu gare shi. Ɗaya yana karɓar haɗari, ɗaya yana biya in haɗarin ya auku. Masu karɓa su ne 'yan andaraitin, waɗanda Hajiya 'Yar Kaduna ta kira masu tantance haɗari. Sunan ya samo asali ne daga al'adar masu inshorar jiragen ruwa, irin wadda ake yi a shagon shan kofi na Edward Lloyd a Landan, wajen ƙarshen ƙarni na 17, inda ake kawo takardar jirgin ruwa da kayansa, duk wanda ya yarda ya ɗauki wani kaso na asara sai ya sa hannu a ƙasan rubutun, abin da kalmar ke nufi ke nan a Turance. Har yau aikin ke nan: a duba abu, a ce mun karɓa a kan kuɗi kaza, ko a ce ba ma so.

To wa ya fi sanin inda aka yi kuskuren karɓa? Mai biyan diyya. Ku ɗauki inshorar mota ta dole, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Tun Janairun 2023 ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, diyyar dukiya kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wanda ya shekara da shekaru yana duba takardun haɗarin mota ya san irin motocin da ke yawan dawowa, ya san bakanikan da ke kumbura kuɗin gyara, ya san sharaɗin da aka rubuta a dunƙule har ya jawo rigima da mai mota. Ka ɗauke shi ka kai shi tantance haɗari, albashinsa bai ƙaru da kwabo ba, amma kamfani ya samu mutumin da ba a yi masa wayo. Shi kuma ya zama ya san hannu biyu. In ya haɗa da jarrabawar CIIN, cibiyar ƙwararrun inshora ta ƙasa, ranar da za a nemi shugaban reshe ko manajan sashe shi za a duba, ba wanda ya tsufa a tebur ɗaya ba.

Haka yaron shago yake a Kantin Kwari. Yau yana sito yana ƙirga diloli, gobe yana gaban kanta da masu saye, jibi an tura shi sari. Ba a ƙara masa girma ba a kowane mataki, amma wanda ya bi ta nan maigida ke sallama da jari.

Don haka kalmar da za a zaɓa kada ta yi kama da horo, kada kuma ta yi alkawarin kuɗi. Wani abu kuma, Hajiya, da ba ki ambata ba: kusan duk manyan ofisoshin inshora suna Legas. Ko Leadway da aka kafa a Kaduna a 1970, yau manyan ayyukanta a can ake yin su. Rassan Arewa yawanci talla ce da karɓar takardu. Ɗan reshen Kano da ya nemi shiga sashen lissafin haɗari ko na inshorar man fetur, sau da yawa sai ya ɗaure kayansa. Kin ga a nan abin naki ya zama tiransifar Baba Akawu ta ƙofar baya.

Mai Takaful:
Yallaɓai dillali ya gama magana. Mu ma a ɓangaren takaful, wato inshorar Musulunci, tun da NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, mafi yawan waɗanda suka fara aikin daga inshorar da aka saba suka fito. Sai mutum ya sake koyo: kuɗin da ake biya gudummawa ce, asusun mahalarta daban da na masu hannun jari, rarar da ta saura ana iya raba wa mahalarta, ga kwamitin malamai da ke duba komai. Tunda muƙami da wakili duk daga Larabci muka samo su, me zai hana mu ɗauko "intiƙali", wato tashi daga wuri zuwa wani? Gajeriya ce, ba ta da wani tabo.

Malamin Hausa:
Malam, ba ta da tabo saboda ba wanda ya san ta. Muƙami da wakili sun daɗe a bakin kakanninmu har sun manta hanyar gida. Intiƙali sai almajirin da ya yi nisa. Littafin nan direban reshe da masinja za su karanta shi, ba 'yan zaure kaɗai ba.

Abin da nake gani shi ne "sauyin sashe". Na zaɓi sauyi a kan canji da gangan, don canji ya riga ya manne da wurin aiki, ga shi kuma yana tuna wa mutum ragowar kuɗi. Sashe ya fitar da gari daga maganar, ya bar aikin. Kuma tana lanƙwasuwa: ya nemi sauyin sashe, ta samu sauyin sashe, an buɗe ƙofar sauyin sashe. Tsarin gaba ɗaya, wanda shi ne kan babin, a ce "damar sauyin sashe". Kalmar dama ita ke nuna zaɓi ne. Ɗaya ɓarin kuma, wato fara tallata gurbi ga ma'aikata, ba ya buƙatar ƙirƙira: "cike gurbi daga cikin gida". A nan cikin gida ta zauna daram, Baba, ka ga ba a yar da taka duka ba.

Maganar dillali kuwa a rubuta ta a fili: sauyin sashe yana iya haɗawa da canjin gari, kuma za a faɗa a cikin sanarwar gurbin.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar afektasiyo muke cewa, kuma ita ma kamar tiransifarku take, daga sama take saukowa. Kamfanonin asiransi namu, wato inshora, dokar CIMA suke bi, dokar inshora ta bai ɗaya ta ƙasashen yankin, wadda suka sa wa yarjejeniyarta hannu a Yawunde a 1992, takardu duk da Faransanci. Amma sauyin sashe ko a nan in ka faɗa za a gane ba sai an yi bayani ba. Na yarda da ta Malam.

Dillalin Inshora:
Ni ma na yarda, da sharaɗi. Sabuwar dokar inshora ta 2025 ta ɗaga mafi ƙarancin jari: naira biliyan 10 ga masu inshorar rai, biliyan 15 ga sauran nau'o'i, biliyan 35 ga masu yi wa kamfanonin inshora su kansu inshora. Inda jari ya tashi haka haɗewa takan biyo baya, kamfani biyu kuma in sun haɗe ba sa buƙatar sashen kuɗi biyu. Sai a kwashi mutane daga ofis a ce su fita talla, a ɗora musu adadin kuɗin da za su kawo a wata, a kira shi da wannan suna mai daɗi na Turanci. Kada Hausarmu ta taya su ɓoyewa. Wanda mutum ya nema da kansa shi ne sauyin sashe. Wanda aka yi masa ba da sonsa ba a kira shi da sunansa, canjin wurin aiki.

'Yar Kaduna:
Na gode ƙwarai, iyayena da malamaina. Ga yadda zan sa. Kan babi: "Damar sauyin sashe da cike gurbi daga cikin gida". Layin farko: "Duk ma'aikacin da aka tabbatar da aikinsa yana da damar neman sauyin sashe idan gurbi ya buɗe. Sauyin sashe ba ƙarin girma ba ne, ba kuma horo ba ne, sai dai ana la'akari da shi lokacin ƙarin girma." Canjin wurin aiki zai tafi babinsa daban kamar yadda yallaɓai dillali ya ce. Karɓa-karɓa na ajiye ta ga babin sababbin ma'aikata.

Mai Takaful:
Na janye intiƙali. Amma Malam, sashe ko sashi? Ina jin duka biyu.

Malamin Hausa:
Duka ana faɗa, jam'insu ɗaya, sassa. Ta ɗauki ɗaya ta riƙe shi tun daga shafin farko har na ƙarshe.

Tsohon Akawu:
'Yata, saura abu guda, ba na kalma ba ne. Yaro ya nema, ya ci ganawa, sabon sashe na jiransa, sai shugabansa na yanzu ya ce ba shi da wanda zai riƙe masa teburin, ya zauna a kan takardar. Mun ga irinsa ba adadi, kuma mai ƙwazo ake yi wa, rago ba a riƙe shi. Ki duba ko na Turancin ya yanka wa'adin da za a saki mutum. In bai yanka ba, ki gaya wa manyanki kafin a kai ɗab'i.